Birkin Motar Rangadi In Ya Yi Ƙasa

Jawabin da aka yi wa tsofaffin ma'aikatan En'e da magadansu a Bacirawa, ƙasar Ungogo

 

Waɗanda suka riga ni tashi sun yi magana a kan manyan al'amura, Baitulmali da shari'a da makarantu. Ni kuwa sashen motoci aka ce in tuna mana da shi. Na duba na ga kadan na ce zan bi tarihin motocin ɗaya bayan ɗaya, sai rana ta faɗi ban kai rabi ba. Don haka na ɗauki abu guda ƙarami, wanda bai fi tafin ƙafa faɗi ba, watau fedar birki, da abin da ya kamata a yi sa'ad da direba ya ce birki ya yi ƙasa. Kada wani ya ce wannan zancen makanikai ne, ba na malaman ofis ba. Direba ke takawa, gaskiya ne, amma malami ke sa hannu a takardar sayen kaya, shi ke cewa a tashi ko a fasa, shi ne kuma ke zaune a kujerar gaba ran da abin ya zo.

Motar da na ke nufi ita ce Land Rover, wadda mutanenmu ke ce wa Landiroba. Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna ta ga jama'a a birnin Amstadam na ƙasar Holan ran 30 ga Afrilu 1948, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A 1958 aka fito da sabon samfuri mai tsawo iri 2, gajeriya mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, da doguwa mai inci 109. Aka ƙara gyara ta a 1961, aka sake a 1971, har aka daina yin wannan jerin a 1985. Ita ce ta karɓi aikin da doki ya daɗe yana yi, ta kai malamin haraji da malamin dabbobi da na asibiti da na gona wuraren da babbar mota ba ta iya shiga. En'e kanta ta wuce. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe sauran abin da ya rage na tsarinta, haraji da jangali kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. Amma motocin ba su mutu duka ba, ba a rasa ɗai-ɗai a hannun manoma da masu cin kasuwar ƙauye, ita da takwararta ta Japan, tsohuwar Toyota Land Cruiser irin wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984. Galibin abin da zan faɗa ya shafi su duka biyu, da kowace tsohuwar mota mai birkin durom.

Ku dubi ƙasar nan tamu ta Bacirawa da maƙwabtanta, Ungogo da Fanisau. Tun zamanin da gona jikin gona ta ke, ba daji, ba saura. Jakuna su fita daga birni da mangalolin taki, su komo da itace da kara. Hanya kuwa burtali ce, darni dama, darni hagu, ba inda mota za ta kauce in jaki ya yi turjiya ko yaro ya faɗo da gudu daga zaure. Yau birni ya matso, gidaje sun ci gonaki da yawa, abin da ya ƙaru shi ne yara da babura. To, ga lissafi, tun da ya ke ku ma'abota lissafi ne. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da 'yan kai cikin kowane sakan ɗaya. Kadan ta kai kilomita 50, mita 14 ke nan, saura kaɗan. Direban da ya saba sai ya taka birki sau 2 kafin ya kama, ya ba da kyautar kusan sakan guda, watau tsawon ɗaki biyu ko uku, a wurin da taku ɗaya ke raba lafiya da kuka. Na sha jin direbobi suna cewa, "Ai haka halinta ya ke, tsohuwa ce, sai an lallashe ta." Wannan magana ba ta da tushe. Tsufa ba ya sa feda ta yi ƙasa, ko da yaushe akwai dalili guda da a ke iya nuna shi da yatsa.

Kafin a nemo dalilin sai a san yadda abin ke aiki. Wani Bafaranshe mai suna Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya bayyana cewa kadan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin ya kan kai ko'ina cikin mazubin daidai wa daida. A kan wannan aka gina birkin mai. Bayan feda akwai ɗan famfo da makanikai ke kira masta. In an taka, fistin na cikin masta ya tura mai cikin bututu zuwa ƙananan silinda da ke cikin kowace taya, su kuma su buɗa takalman birki su manne da durom, watau kwanon ƙarfen nan da taya ke ɗaure a jikinsa. In an saki feda, sifirin ya jawo takalman su koma. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa kamar auduga.

Abin da na ke so ku riƙe shi ne wannan. Taku ɗaya na feda mudu ɗaya ne na mai, ba ya ƙaruwa. Daga cikin mudun nan kowane giɓi ke cin rabonsa: tazarar da ke tsakanin takalmi da durom a taya ta fari, da ta biyu, da ta uku, da ta huɗu, da kumfar iska in akwai, da tiyon da ya kumbura, da robar da ke yoyo. Abin da ya saura bayan kowa ya ci shi ke tsai da mota. Kadan maciya suka yi yawa, feda ta kai ƙasa mudu ya ƙare, takalmi bai riga ya kama ba. Ashe tambayar ita ce irin wadda Ma'aji ya kan yi in kuɗi suka kasa: wa ya ci? Ku sani kuma, tsofaffin cikinsu layi guda ne ke ciyar da tayoyin 4, huda ɗaya tak ta isa ta kashe birkin duka. Sai a na baya-baya aka raba layin gida 2.

Shaidar fari ita ce ƙafa, ba ta kuwa cin ko kwabo. Mota tana tsaye a fili, mutum ya zauna ya taka a hankali, ya saurara da tafin ƙafarsa. Kadan feda ta yi tafiya mai nisa amma inda ta tsaya ta tsaya ƙyam kamar an taka dutse, in an sake takawa nan da nan kuma ta kama tun daga sama, to takalma ne suka yi nesa da durom. Kadan ta yi taushi, tana lotsawa tana dawowa kamar an taka buhun auduga, iska ce, ko tiyo. Kadan kuwa ta kama da fari, amma da aka ci gaba da dannawa sai ta riƙa sulalewa sannu sannu har ƙasa, mai na gudu ta wani wuri. Akwai kuma wadda da safe lafiya lau, sai an yi tafiya da kaya, an sha birki, ta ɓace, in mota ta huce ta komo. Wannan laifin man ne, zan zo kansa.

Na farkon nan shi ya fi yawa, shi ne kuma aka fi ɓata kuɗi a kansa a banza. Waɗannan motoci birkinsu ba ya gyara kansa kamar na motocin yanzu. Fatar takalmi tana cinyewa, rairayin jigawa da lakar damina in sun shiga durom suna ƙara mata sauri, tazara tana buɗewa, ba mai rufe ta sai hannun mutum. A bayan farantin birki akwai noti, a cikinsa kuma wani ƙarfe mai siffar katantanwa, mai haƙora, wanda in an juya shi ya kan turo takalmi kusa da durom. Gajeriyar mota mai durom na inci 10 noti ɗaya gare ta a kowace taya, doguwa mai durom na inci 11 kuwa 2 ne, wanda bai sani ba sai ya ɗaure ɗaya ya bar ɗaya. A ɗaga taya, a juya notin har taya ta ƙi juyawa, sa'an nan a sassauta kamar haƙori 2 har ta juya ba ta gogawa. Aikin rabin awa ne ga tayoyin duka, da sifana guda.

A nan tilas in ratse in yi gargaɗi, gama akwai rai a ciki. Birkin hannu na Land Rover ba tayoyi ya ke kamawa ba, farfela ya ke kamawa a bayan giya. Saboda haka da zarar an ɗaga tayar baya guda, mota tana iya gangarawa ko da an ja birkin hannu har ƙarshe. A sa weji gaba da baya, a tokare mota da gungume mai ƙwari, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta bisa amanar jak kaɗai, balle a kan rairayi. Kada kuma yaro ya hure ƙurar durom da baki. Tsofaffin takalma da yawa an yi fatarsu da asbesto, yanzu kuwa an tabbata ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ga wata dabara da ke yanke gardama tsakanin direba da makanike. A ɗaure notunan duka har kowace taya ta ƙi motsi, sa'an nan a taka feda. Kadan ta tsaya a sama da ƙarfi, ba iska ko kaɗan cikin layi, masta kuma lafiyarta lau, laifin duk yana cikin durom. Wanda ya kawo muku takardar sayen sabuwar masta bayan wannan gwaji, ku mayar masa da abarsa.

Wani lokaci a kan gyara notin yau, jibi feda ta koma gidan jiya. Sai a cire durom a duba. Ko haƙoran katantanwar sun cinye, ba ta riƙe wurinta. Ko durom ya sha wasawa har ya faɗaɗa ya wuce haddinsa, sabon takalmi ba ya zama cikinsa sai da tsakiyarsa kawai, in an taka ya lanƙwashe kafin ya kama. Ko boris ɗin taya ya yi sako-sako, durom yana rawa yana korar takalma baya. Mafi ban haushi duka shi ne kuskuren haɗawa. A gajeriyar mota, sifirin na sama daga takalmin gaba ya ke tashi zuwa wani ɗan turke da ke jikin faranti. Ido ya kan ga kamar ya kamata ya haɗa takalmi da takalmi, makanikai da yawa kuwa haka su ke sa shi, sai ya riƙa jan takalmin baya yana komar da fistin ciki kowane saki, feda ta riƙa neman taku 2 har abada. A doguwar mota kuma takalman baya ba iri ɗaya ba ne, na gaba dabam, na baya dabam, gama ɗan ƙusar da katantanwa ke turawa ba wuri guda ya ke a jikinsu ba. In an musanya su, ko an kwana ana juya noti ba za su zauna daidai ba. Shi ya sa masu hankali ba su kwance ɓangare biyu lokaci ɗaya, su kan bar ɗaya ya zama abin duba.

To, in an yi duk wannan feda tana nan da taushinta fa? Nan ne aikinku na da zai yi muku rana. Sa'ad da kuɗin haraji suka kasa, ba a kama kowa da kowa, a kan ware littafin kowace gunduma a bi ɗaya ɗaya har a ga inda giɓi ya ke. Motar nan tiyon roba 3 gare ta a layin birki, ɗaya ga kowace tayar gaba, ɗaya kuma ya ciyar da tayoyin baya duka biyu. A matse ukun da abin matsewa mai santsin baki, ko filaya da aka naɗe wa roba don kada ta yanka tiyon. Yanzu an rufe gundumomi duka, saura hedkwata. A taka. Kadan feda ta yi tauri tun daga sama, masta ta kuɓuta. Kadan har yanzu tana lotsawa, laifin yana masta, ko iskar da ta maƙale a cikinta. In masta ta kuɓuta, sai a saki tiyo ɗaya, a taka, a mayar da matsin, a saki na biyu, a taka, haka har na uku. Wanda aka saki feda ta zube, gundumarsa ce ta ci mudun. Kowanne zai ɗan rage tsayin feda, wannan haƙƙinsa ne, mai laifi shi ne wanda ya ci fiye da 'yan'uwansa. Yayin da a ke yi, wani ya riƙe tiyon a tafin hannu. Kadan ya ji yana kumbura kamar maƙogwaron kwaɗo, ko ya ga ya tsattsage saboda zafin bazara da bushewar hunturu, wannan tiyo ya gama aiki.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kan feda, ɗaya yana gindin taya da sifana da siririn tiyo da kwalba mai ɗan mai a ciki. Na ƙasa ya buɗe ɗan notin fitar da iska, na sama ya taka har ƙasa ya riƙe, na ƙasa ya rufe, sa'an nan na sama ya saki a hankali. Haka za su yi ta yi har mai ya fito ba kumfa. Al'adar makanikai ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta, wannan kuwa ya danganta ga gefen da sitiyari ya ke, gama motocin da aka shigo da su kafin Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972 sitiyarinsu yana dama ne. Kada a bari gwangwanin mai ya ƙafe ana cikin aiki, in ya ƙafe an koma farko. A motocin 1958 da na 1961 gwangwani guda ne mai ɗaki 2 ke ciyar da birki da kuloci, sai a leƙa da kyau a ga duka ɗakunan da mai.

Wurare biyu iska ta ke ɓuya a motar nan, sun kuwa sa makanikai da yawa rantsuwa. Na ɗaya shi ne tayoyin gaba na doguwar mota. Silinda 2 ce a kowace taya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai yana shiga ta sama, notin fitar da iska kuwa yana jikin ta ƙasa. Iska sama ta ke so, an kuwa ce ta fita ta ƙasa. Maganinsa a sassauta katantanwa gaba ɗaya don fistin su shige ciki ƙurmus, iska ta rasa ɗakin zama, a fitar da ita, sa'an nan a komo a gyara notunan. Wanda ya manta da wannan na ƙarshe zai ga feda ta fi da yin ƙasa, ya ce aikin ya ɓaci, alhali kuwa saura juya noti. Na biyu shi ne tsohuwar masta irin ta Girling da a ke kira CB, mai ƙaton noti a gindinta. A karkace ta ke zaune, kumfa ta kan taru a inda mai ba ya kore ta. Sai an ɗaga gaban mota, ko an hau da ita kan tudu, har masta ta kwanta daidai, kana iskar ta fita. Wadda ta gaje ta, mai suna CV, ba ta da wannan taurin kai.

Fedar da ke sulalewa ƙasa a hankali ita ce ba a kwana da ita. A duba gwangwani. Kadan mai yana raguwa, yoyo ne na waje, sai a bi sawunsa: bayan faranti, cikin taya, mahaɗar bututu, inda bututu ke gogar ƙarfen mota, da jikin fedar kanta, gama man da ya tsere ta bayan masta ya kan biyo feda ya ci fentin da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Kada a ruɗe da man giya da ya kan tsiyayo daga cibiyar taya. Shi yana da kauri da wari mai hawa kai, yana ɓata takalmi ya sa mota ta ja gefe, amma ba ya sa feda ta yi ƙasa. Kadan kuwa mai bai ragu ba feda tana sulalewa, robar cikin masta ce ta gaji, mai yana zagaye ta yana komawa inda ya fito. In cikin silinda sumul ya ke, sauya roba ya isa. In ya yi tsatsa ko zane, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba, a sayi silinda.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa sayen masta ya tafi da tsohuwar a hannunsa. A motoci masu layi guda, bakin mastar gajeriya inci ¾ ne, na doguwa inci 1. A ido kusan ɗaya su ke, suna kuma ɗauruwa wuri guda. Amma in aka sa ta gajeriya a doguwa, an ba babban gida ƙaramin mudu, feda ba za ta taɓa tsayawa sama ba ko an fitar da iska sau 10. Bayan an ɗaura, a duba sandar da ke tura fistin. Ana bar mata 'yar tazara ta milimita 1.5 kafin ta taɓa shi. In tazarar ta yi yawa, feda tana tafiyar banza kafin ta fara aiki. In babu ita sam, mai ba ya samun hanyar komawa gwangwani, birki ya riƙa kama kansa da zarar ya yi zafi.

Saura man kansa. Abin da a ke zubawa shi ne mai lamba DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da aka buɗe a gaban mai saye. Halin man nan ne ya sha laimar iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa an yarda masa har ya sauko 140. Na DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Durom ɗin motar da ta ɗauko buhunan gero cikin watan Afrilu yana zafi ainun, tsohon mai ya tafasa cikin silinda, ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne wajen matsuwa. Shi ya sa feda ta kan ɓace a hanya ta komo in an huta. A zubar da man duka a sa sabo kowace shekara 2. Man inji da man giya da kananzir kada ɗigonsu ya shiga, suna kumbura robobin duka, sai an sauya kowace ɗaya. Ruwan sabulu da waɗansu ke zubawa in sun maƙale a daji yana tafasa wajen digiri 100, yana kuma sa tsatsa. Haka nan masu toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa, su bar mota da birki 3. Feda ta kan tsaya sama, mai mota ya yi murna, ran da aka taka da ƙarfi mota ta juya ta dubi inda ta fito. Malamin da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a motar da ke hannunsa, ya karɓe makulli.

Abin da ya rage ga mai riƙe da mota kaɗan ne. Ya ajiye littafi, kamar yadda a ka saba yi wa kowace kadarar hukuma, a rubuta ranar da aka gyara notuna, da ranar da aka sauya mai, da abin da aka saya. Kowace safiyar tafiya, kafin a ta da inji, direba ya taka feda sau ɗaya a gabansa, ya riƙe ta rabin minti. In ta wuce rabin hanya, ko ta sulale, a fasa tafiyar har a duba. Makanike kuma in ya kawo takarda, a tambaye shi abu biyu, ko ya ɗaure notunan ya gwada, ko kuma ya matse tiyon ya ga gundumar da ke da giɓi. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Bayan kowane gyara kada a shiga burtali tukuna. A nemi fili mai burji inda ba yara ba dabbobi, a ja mota kamar tafiyar kilomita 20 a awa, a taka birki da ƙarfi sau ɗaya, sa'an nan a sauko a karanta ƙasa. Ya kamata a ga sawun jan taya dama da hagu tsawonsu ɗaya, mota kuma ta tsaya tana duban gabanta. In gefe ɗaya ya fi tsawo, ɗaya gefen ne bai kama sosai ba, a koma kansa. A zagaya kaɗan ba tare da taka birki ba, a kai bayan hannu kusa da kowane durom, wanda ya fi sauran zafi an ɗaure shi da yawa, a sassauta haƙori ɗaya. In an sa sababbin takalma, a sake gyara notunan bayan tafiyar 'yan kwanaki, gama sai sun goge sun zauna cikin durom kana feda ta sami tsayinta na gaskiya.

Ranku ya daɗe, iyakar abin da aka ce in faɗa ke nan.